Ranar da likitan tunani ya daina zama madubi

Duk wanda ya taɓa zama a ajin ilimin halayyar ɗan Adam a jami'o'inmu ya san yadda ake yi wa Sigmund Freud. Mako ɗaya ko biyu ake ba shi a zangon farko. A zana akwati uku a allo, a ce ga sha'awa, ga hankali, ga lamiri mai tsawatarwa. A kawo zancen yaron da ke kishin ubansa a kan uwarsa, wasu ɗalibai su kwashe da dariya, wasu su ce a'uzubillahi, malam ya ce ai an daɗe da wuce wurin. Shi ke nan an binne shi sai ranar jarrabawa. Akwatunan nan uku a 1923 Freud ya fito da su, shi kuma ya mutu a Landan a 1939. Fannin da ya kafa, saiko'analisis, wato jinyar tunani ta hanyar magana, ya ƙara shekara 80 da ɗoriya yana tafiya bayansa, yana warware maganganun mai gidan ɗaya bayan ɗaya, amma mu labarinmu yana nan inda aka bar shi.

A ganina babban abin da ya sauya shi ne matsayin likita a cikin ɗakin ganin majinyaci, kuma sauran sauye-sauyen duk daga nan suka samo tushe.

Ga yadda ɗakin yake a asali. Majinyaci na kwance a doguwar kujera, likita na zaune ta bayan kansa inda ba zai gan shi ba. An ce masa ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, kada ya tace komai. Kusan awa guda ake yi, a wurin Freud kuma kwana shida a mako. A shawarwarin da ya rubuta wa likitoci a 1912 ya ce likita ya zama madubi, kada ya nuna wa majinyaci komai sai abin da majinyacin ya nuna masa, ya kuma yi koyi da likitan tiyata da ke ajiye tausayinsa gefe idan zai yi aiki. In wani abu ya motsa a ran likita game da majinyaci, haushi ne ko tausayi ko gundura, to matsalarsa ce, ya je ya magance ta.

A 1950 Paula Heimann, wadda ta gudo daga Jamus ta zauna a Landan, ta buga wata 'yar gajeriyar maƙala ta juya zancen. Ta ce abin da likita ke ji a gaban majinyaci yana cikin manyan kayan aikinsa. A daidai lokacin Heinrich Racker yana faɗar kusan haka a Ajantina.

A ce wata mata ce ke zuwa kowace Talata. Ga ladabi, ba ta makara, tana ba da labarin mijinta da 'ya'yanta dalla-dalla. Amma duk zaman da aka yi sai likita ya ji barci na fizgarsa, idonsa na kan agogo. A tsohon tsari zai zargi kansa ne, ya sha shayi mai kauri kafin ta iso. A sabon tsari zai tambayi kansa: me ya sa da baiwar Allahn nan kaɗai nake jin haka? Watakila ta tashi ne a gidan da in ta yi magana ba mai ɗago kai, har ta koyi yin magana yadda ba za ta dami kowa ba, ta zare duk wani zafi daga muryarta. Barcin da ke kama likita wani yanki ne na labarinta da ba ta iya faɗa da baki ba. Ranar da ya ce mata, "Malama, na lura kina ba ni labarin abubuwa masu ciwo kamar mai karanta lissafin cefane," ranar aikin yake farawa. Madubi ba zai taɓa iya faɗar wannan ba, don madubi ba ya jin barci.

Kafin Heimann akwai wanda ya hango haka, ya kuma sha wuya a kai. Sándor Ferenczi ɗan Hangari ne, yana cikin almajiran Freud na kusa sosai. A 1896 Freud ya ce lalata da aka yi da majinyatansa suna yara ita ce tushen ciwonsu, a 1897 kuma ya ja da baya, ya karkata ga cewa yawancin abin a tunanin yaro ya faru. Ferenczi ya tashi a taron masana fannin a Wiesbaden ta Jamus a 1932 ya ce a'a, cin zarafin yara gaskiya ne, yana faruwa har a gidajen mutunci. Ya kuma nuna cewa abin da ke ƙara tsananta raunin shi ne yaro ya kai ƙara manya su ce ba a yi ba, kuma likitan da ya zauna ƙiƙam fuska ba yabo ba fallasa yana maimaita wa majinyaci wannan ƙaryatawar ce. Freud bai ji daɗin maƙalar ba. Ferenczi ya mutu a 1933, fassarar Turancinta ba ta fito ba sai 1949, har aka riƙa yaɗa cewa kansa ne ya taɓu a ƙarshen rayuwarsa. Yau duk mai aiki da waɗanda aka ci zarafinsu maganarsa yake bi, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Mu da muka san yadda ake cewa "a rufa asiri" idan abu ya faru da yarinya a cikin dangi, ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Daga nan hankali ya koma kan jariri da wadda ke riƙe da shi. Freud ya ɗauka jariri yana son uwa ne saboda ita ke ƙosar da shi. John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da suka rasa kulawar uwa, ya ce shaƙuwa buƙata ce mai zaman kanta, ba 'yar rakiyar nono ba ce. Abokan aikinsa a Landan suka yi masa ca. Hujjar farko mai ƙarfi kuwa daga Afirka ta fito: Mary Ainsworth ta yi ta shiga gidaje a kewayen Kampala a 1954 da 1955, tana kallon yadda jariri ke rarrafawa ya yi nisa ya waiwayo ya tabbatar uwarsa na nan, sannan ya ci gaba. Zuwa 1983, lokacin da Jay Greenberg da Stephen Mitchell suka fitar da littafinsu a Amurka, an iya faɗa ƙarara cewa tafarki biyu ne a fannin: mai cewa sha'awa ce ke tuƙa mutum, da mai cewa alaƙa da mutane ce ke gina shi. Mitchell ya bi na biyun, kuma shi ne ya yi rinjaye a wurare da yawa.

Ba don Allah kawai aka yi wannan gyaran ba, matsi ne ya sa. Tun shekarun 1920 Karen Horney ta ce wa mazan fannin zancensu na cewa mace tana jin kanta a tauye don ba a halicce ta namiji ba, tunanin maza ne kawai. An kuma yi shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifin cutar otizim da taɓin hankalin 'ya'yansu, wai sanyin zuciyarsu ne ya jawo. Ƙarya ce, kuma ta ƙona zukatan mata masu yawa. Masanin falsafa Karl Popper ya ce duk ilimin da in ka yarda ya ce ya yi daidai, in ka musa ya ce musun naka ma hujjarsa ce, to ba kimiyya ba ne. Yana da gaskiya a kan yadda da yawansu suke magana a lokacin.

Amsar da ta fi burge ni ita ce ta waɗanda suka yarda a gwada su. Anthony Bateman da Peter Fonagy sun tsara wata hanya ga masu wahalar riƙe zuciyarsu, masu yanka jikinsu ko yunƙurin kashe kansu, inda ake koya wa mutum ya tsaya ya yi tunanin abin da ke ransa da na wanda ke gabansa kafin ya yanke hukunci. Gwajin da suka buga a 1999 ya nuna raguwar yunƙurin kisan kai da kwanciya asibiti. A 2015 aka buga binciken cibiyar Tavistock ta Landan a kan mutum 129 masu ciwon damuwa da ya ƙi jin magani. Wata 18 aka yi ana zama da rabinsu sau ɗaya a mako. Da aka gama, bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai bayan shekara biyu aka ga kashi 44 cikin ɗari na waɗanda aka zauna da su sun fita daga ma'aunin ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 10. Bincike ɗaya ne, mutanen kuma ba su da yawa, amma ku lura: sau ɗaya a mako, ba kwana shida ba.

Akwai kuma masu neman Freud a cikin ƙwaƙwalwa, jagoransu Mark Solms na Jami'ar Cape Town. Shi ya nuna cewa mafarki da matakin barcin da ido ke motsi ba abu ɗaya ba ne, don akwai masu rauni a wani sashen ƙwaƙwalwa da ke daina mafarki alhali barcinsu na tafiya daidai. Ya ɗauki aikin Jaak Panksepp, wanda ya lissafa tushen motsin rai guda 7 a dabbobi masu shayarwa, ciki har da nema da tsoro da fushi da kulawa da wasa, ya ce su ya kamata su maye gurbin biyun da Freud ya tsaya a kai, wato sha'awar rayuwa da ta mutuwa. Solms ne kuma ya sake tace ayyukan Freud na Turanci, juzu'i 24, a 2024. Ina girmama aikin, amma ina ɗari-ɗari da zumuɗin mabiyansa. Hoton ƙwaƙwalwa zai nuna maka inda baƙin ciki ke kunnuwa, ba zai gaya maka dalilin da ya sa wannan matar take magana a sanyaye ba.

Sabon tafarkin ma yana da nasa ramin. In aka ce abin da likita ke ji hujja ne, malalacin likita zai iya ɗora wa majinyaci duk wani haushinsa na gida. Ferenczi da kansa ya gwada barin wata majinyaciya ta riƙa nazarinsa kamar yadda yake nazarinta, daga baya ya ga ba za ta ɓulle ba. Saukowa daga kujerar masani daban, zubar da iyaka daban. Wanda ya biya kuɗi ya zo da ciwonsa ba abokin hirarka ba ne.

Sai zancen da ya shafe mu kai tsaye. Gidan da Freud ya gina ka'idarsa a kai gidan birnin Biyana na Ostiriya ne: uba ɗaya, uwa ɗaya, yaro a tsakiya. Tun shekarun 1920 masanin al'adu Bronisław Malinowski ya ce a tsibiran Trobriand na tekun Pasifik kawu ne ke da iko da yaro, kuma a kansa kishin yaron yake sauka. Frantz Fanon a 1952 ya ragargaji Octave Mannoni da ya ce mutanen Madagaska suna da ɗabi'ar son dogaro tun kafin Turawa su zo. Fanon ya ce ba za ka fahimci ciwon wanda aka mulka ba in ka cire mulkin mallakar daga lissafi. A asibitin Fann da ke Dakar, Marie-Cécile da Edmond Ortigues sun buga abin da suka gani a 1966: uba yana haɗe da kakanni, ya fi ƙarfin a yi gasa da shi, sai gasar ta koma kan 'yan uwa da sa'o'i. Sai a farkon shekarun 2000 Juliet Mitchell ta fito a Ingila tana cewa fannin ya yi sakaci da alaƙar 'yan uwa, ya zura wa iyaye ido kawai.

Bahaushe zai ji wannan ya yi murmushi, don 'yan ubanci ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ku dubi gidajenmu da kyau. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Lokacin yaye a kai yaro wurin kaka. Gwaggo ta ɗauki yarinya riƙo tun tana shekara uku. Wani yaron a ɗakin kishiyar uwarsa yake cin abinci, ita yake kira Umma. Likitan da ya haddace littafin Landan zai ga uwar da ba ta kallon ɗanta ya rubuta cewa ta ƙi shi, alhali duk gidan sun san kara ce, yaron ma yana girma ya gane. Wani likitan kuma, don gudun a ce ya raina al'ada, zai ce riƙo ba ya barin tabo ko kaɗan, alhali akwai manyan mata da har yau in aka ambaci ranar da aka ɗauke su daga ɗakin uwarsu muryarsu rawa take yi. Duka biyun sun yanke hukunci kafin mai ciwon ta buɗe baki.

Shi ya sa nake ganin masu karantar wannan fanni a Kano da Zariya da Yamai suna da aikin da ba wanda zai yi musu daga waje. Su shiga gidaje kamar yadda Ainsworth ta shiga a Kampala, su zauna a tsakar gida da littafin rubutu, su ga wurin wa ɗan fari yake rugawa idan ya faɗi ya fasa gwiwa.