Babbar Riga a Bakin Sarƙar Keke

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ni da motata muka shiga zaman doya da manja. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake dubu. Ga likita yana ta mita a kan tumbina da hawan jini. Sai na lulluɓe motar da tamfol a gida, Rijiyar Zaki. Zuwa Kantin Kwari in hau Adaidaita Sahu, tunda acaɓa dai an hana shi ɗaukar fasinja a Kano tun 2013. Zirga-zirgar unguwa kuma na sayi keke Phoenix na hannu.

Kuma wallahi na ga amfani. Babu layin gidan mai, babu bakanike mai cewa a sayo kaza, babu zagaye Kwari ana neman inda za a ajiye mota. Tazugen wandona ya fara yin saura. A Adaidaita kuwa duk labarin garin nan za ka ji kyauta, har wanda bai faru ba tukuna.

Sai ɗaurin auren ƙanwar Hajiya, uwargidana, ya zo, ranar Asabar, a masallacin unguwarsu. Ta ce, "Alhaji, don Allah yau dai ka fito da motar nan." Na ce mata tafiyar ba ta kai a kunna inji ba. Na zuba gezna fara, babbar riga da aikinta, na kafa zanna bukar, na naɗe hannayen riga a kafaɗa, na haye.

Akwai wata 'yar gangara a ƙofar masallacin. Motoci sun jeru, jama'a sun cika, sanƙira yana ta zuba kirari. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Ga babban surukin gida ya iso! Alhaji na Kwari, mai dila dubu!" Ni kuma na ɗaga hannun dama in amsa. Hannun riga ya sulale daga kafaɗa, sarƙa ta cafke shi. Keke ya tsaya cak. Da faɗuwa na yi ma da ya fi, mutum ya tashi ya kakkaɓe. A'a, riga ta janyo wuyana ƙasa, na tsaya a sunkuye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya tana lilo a sama, fuskata na kallon tayar baya. Hula ta fice, ta gangara a natse ta shige ƙarƙashin wata Prado. Sanƙira ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "A yi a hankali da Alhaji." Da ƙarfi ya faɗa, har na cikin masallaci suka leƙo.

Nan masana suka taru. Wani ya ce a juya feda baya, aka juya, sarƙa ta ƙara haɗiye taku guda na shadda. Wani ya ce gaba ne, aka yi gaba, ta ƙara. Wani yaro ya ruga neman reza. Ƙarshe sai ni aka zare daga cikin rigar, mutum biyu suna ja ta kaina, na miƙe daga ni sai 'yar ciki, ba hula, sanƙona yana ƙyalli a rana. A haka na shafa fatiha.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Kawun Hajiya ne ba zan yafe wa ba. Ya ja ni gefe, ya dunƙula mini naira dubu biyu a tafin hannu, ya rufe da nasa. Ya ce, "Kasuwa ta gaji haka, ɗana. Kada ka ji kunyarmu." Na ce, "Kawu, motar tana gida lafiyarta lau, motsa jiki nake yi." Ya gyaɗa kai cike da tausayi, ya ce, "Haka wane ma ya riƙa cewa."

Mutumin da tun bikin 'yarsa ya ɗauki atamfofi a shagona, har yau in mun haɗu sai ya fara zancen damina! Mutumin da duk zuwa ta'aziyya shi ne a kujerar gaba a motata, yana ce mini in ƙara esi, bai taɓa tambayar nawa ake sayar da lita ba. Shi ne yanzu ya bi dangi gida-gida. Mata suna ta bugo wa Hajiya waya suna ba ta haƙuri, wata gwaggonta har ta aiko da kwanon gero. Shekaranjiya kuma ɗan Kawun ya zo wai ya ji zan sayar da motar, ko za a yi masa sauƙi a biya kaɗan-kaɗan.

Dubu biyun dai na karɓa, na cire daga bashin atamfa. Keken yana wurin mai gyara, ya ce akwai sauran shadda a ciki, in dawo jibi.