Launin Roba Daban, Fenti Daban

Da yawa daga cikin masu haɗa ƙananan motocin roba na kamfanin Tamiya ko Revell, masu girman kashi 1 cikin 24 na motar gaske, suna ɗauka tunda robar ta zo ja ko shuɗiya, an gama maganar fenti. Ba haka ba ne. Launin a cikin robar aka dama shi tun a masana'anta. Haska bodin da fitilar waya, za ka ga haske na ratsa shi kamar bokitin roba na kasuwar Sabon Gari. Ga siririn layin da mazubi ya bari, ga farin tabo inda ka yanke kowane ɓangare daga firam ɗin robar da ya zo a jiki. Ka goge su, wurin ya dushe, fenti ne kawai zai rufe.

Idan motar ta yaro ce, ƙyale ta haka, ba dole. Amma mai son ƙyallin mota na gaske sai ya fara da fentin ƙasa, wato shafin farko da launi zai hau kai, ya bi da launi siriri-siriri sau 2 ko 3. A hunturun Kano kuwa, kifa kwali a kai har ya bushe, in ba haka ba ƙura ta manne.