Farin wadan da ba a yi wa tafi

Duk sanda maganar sararin samaniya ta taso a Facebook, baƙin rami, wato wurin nan a sama da ko haske ba ya iya kuɓuce wa jansa, shi ne ke kwashe kallo. Ni kuwa wanda nake ganin an danne wa haƙƙi shi ne farin wada, wato gawar tauraro irin ranarmu, wanda girmansa bai wuce na duniya da yawa ba.

Ku dubi zamansa da fulsa. Ita fulsa ragowar ƙaton tauraro ce da ya fashe, faɗinta kilomita 20 da 'yan kai, amma ta fi rana nauyi. Tana juyi tana watso igiyar rediyo, a hankali juyin na raguwa har ta yi shiru. Sai fa in tana da abokin zama a kusa. Idan abokin ya tsufa ya kumbura, iskar jikinsa sai ta riƙa kwarara kanta shekaru miliyoyi, tana ƙara mata wulwuli kamar yaro na murza katantanwa. Abin da ya saura na abokin bayan an tsotse shi, shi ne farin wada. Wata fulsa mai suna PSR J0437-4715 da aka gano a cibiyar hangen sama ta Parkes a Ostireliya a 1993 tana juyawa kusan sau 174 a daƙiƙa ɗaya, ita da wadanta suna zaga juna cikin ƙasa da kwana shida. Wa ya ba ta wannan gudun?

Kuma aikinsa bai ƙare nan ba. A 2010, masana a cibiyar hangen sama ta Green Bank a Amurka sun lura cewa saƙon rediyon wata fulsa mai suna PSR J1614-2230 yana ɗan makara duk lokacin da ya ratsa ta gefen wadanta, domin nauyinsa na lanƙwasa sarari. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, nesa ba kusa ba, amma da ita aka auna fulsar: kusan ninki biyu na nauyin rana. Wannan awon ya watsar da hasashe da dama kan abin da ke cikin irin waɗannan taurari.

Ga kuma fulsa PSR J0337+1715, mai wadanni har biyu, ɗaya a ciki kusa da ita, ɗaya can waje. A 2018 aka gwada da ita ka'idar Einstein da ke cewa kowane abu faɗuwa iri ɗaya yake yi idan nauyin wani abu ya ja shi, aka ga fulsar da wadan ciki suna faɗawa wajen na waje bai ɗaya, duk da bambancin da ke tsakaninsu. Amma jeka karanta labarin, sunan fulsa ne a kanun, wadannin sai can ƙasa.