Ashe abin da aka yi a rumfar 'yan dankali ba shari'a ba ce?

Asabar ɗin da ta wuce na raka kawuna kasuwar Farin Gada da ke Jos. Buhu sha biyu na dankalin turawa aka kawo masa daga Bokkos, da aka zazzage sai ga uku sun ruɓe a ciki. Dillali ya ce ba ruwansa, haka aka ɗinko su daga gona. Aka zauna a rumfar dattijon 'yan dankali, benci biyu da buta a gefe. Bai tambayi wa ke da laifi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, shekara nawa kuna ciniki da yaron nan?" Kawu ya ce takwas. "Ya taɓa cin amanarka?" Shiru. Sai ya juya kan dillali: "Kai kuma, dillalin kirki yana loda kaya bai farke bakin buhu ko ɗaya ya duba ba?" Kafin la'asar an raba asara biyu, an yi fatiha.

Da na ba ƙanena mai karatun lauya labari, sai ya taɓe baki, wai wannan sasancin kasuwa ne, ba shari'a ba. Shi ya tunzura ni.

Ƙanena, gardamar nan ta girme mu. Wani masanin al'adu, Max Gluckman, ya zauna a kotunan ƙabilar Lozi a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ya fitar da bincikensa a 1955. Ya ga alƙalansu suna auna mutum da yadda mai hankali a matsayinsa ya kamata ya yi, miji a matsayin miji, mai gari a matsayin mai gari, ya ce ai haka alƙalan Ingila ma suke tunani. Sai Ba'amurke Paul Bohannan, wanda ya zauna cikin Tibi a nan maƙwabtanmu Binuwai, ya zo da nasa a 1957. Shi cewa ya yi a daina cusa wa mutane kalmomin lauyoyin Ingila. Abin da Tibi suke kira jir, wato zaman shari'arsu, a fahimce shi da ma'aunin Tibi. Sun daɗe suna ja-in-ja, amma cikinsu babu wanda ya ce zaman dattawan nan ba shari'a ba ne. Tambayar da aka jefa wa dillali a Farin Gada kuwa, ita ce ta alƙalan Lozi sak.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Alƙalanmu na Malikiyya sun san hujja na kan mai ƙara, rantsuwa na kan wanda ya musa, kuma al'adar gari tana da gurbi a hukunci. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal.

To a kan wannan "sai dai" ɗin nake raba gari da masu kambama zaure ido rufe. Sulhu yana daɗi in masu rigimar kafaɗarsu ɗaya, kamar kawu da dillalinsa, kowa na buƙatar kowa gobe. In ɗaya ya fi ƙarfi fa? Ko gacaca, kotun gargajiya ta Ruwanda da ta yi shari'ar kisan ƙare dangi, da ta saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe ta a 2012, an yi kuka da ita kan shaidar zur da rashin lauya ga wanda ake tuhuma.

Goggona ta ɗanɗana. Mijinta ya rasu, ya bar gida a Anguwar Rogo. Sau huɗu dangin miji suna tara dattawa, kowane zama da kalma ɗaya ake sallamarta: "Ki yi haƙuri, ki duba zumunci." Ba wanda ya ce wa 'yan'uwan mamacin su yi haƙuri. Da tura ta kai bango ta shigar da ƙara. An sha ɗage zama, ta kashe kuɗin mota ba kaɗan ba, amma alƙali ya fitar mata da tumuninta, marayu suka karɓi nasu. Shekara uku ke nan, ko a gidan suna suka haɗu, dangin mijin ba sa amsa gaisuwarta.