Amaryar da Aka Aika Ɗauko Faranti

Duk wanda ya halarci dinar bikina ya san ban sa farar riga ba, ya kuma san dagar da na sha kafin a ƙyale ni. Hujjata ita ce fari ba gadonmu ba ne, domin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta yayata shi da ta sa ranar aurenta a 1840, alhali iyayenmu da atamfa aka kai su ɗaki. Na shiga Kantin Kwari na zaɓo leshi ruwan hanta, tela ya yi aikinsa. Abin da babu wanda ya ga dama ya faɗa mini shi ne, dangin ango ma ruwan hanta suka fitar anko.

Motarmu ta riga ta ango isowa, saboda haka aka zaunar da ni a wani lungu kusa da ƙofa, ƙawayena suka bazama neman mai kwalliya. A nan Gwaggon ango, wadda ba ta taɓa ganina ba sai a cikin lulluɓi, ta tsaya a kaina ta ƙare mini kallo tun daga gwaggwaro har takalmi, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kin zauna kin ƙame sai ka ce ke ce amaryar. Tashi ki samo mana faranti, teburinmu ko ruwa ba a kai ba."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai ta ɗora da cewa kwalliyar nan ta yi yawa, in ji tsoron Allah in rage wa amarya wani abu. Ta cusa mini jakarta a hannu domin ta gyara mayafi. Ni kuwa, da tarbiyyar da aka yi mini ta ci amanata, sai na ji bakina ya ce, "To, Gwaggo." Na miƙe tsaye, jelar riga tana jan ƙasa, jakar Gwaggo a hammata, ina waige-waigen inda ake ajiye faranti, kuma daidai lokacin mai ɗaukar hoto ya haska ni.

Gwaggo na yafe mata, tunda ta yi salati har muryarta ta dushe, ta kuma yi mini liƙi mai kauri. Wadda ban yafe wa ba ita ce ƙanwar ango, domin ita na fara tura wa hoton leshin ta WhatsApp, ta amsa da "Ma sha Allah", alhali ita ce mai karɓar kuɗin ankon. Tana tsaye a wurin, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ita ce kuma ta roƙi mai hoto kada ya goge, har yau idan ta zo gidana sai ta tambaye ni ko farantin ya samu. Kular da ta ara tun satin biki ma ba ta dawo da ita ba.