Kyankyason da ya samu gidan gado a kicin ɗinmu

Laifin data ne. Da ban sayi ta wata guda a hunturun bara ba, da ban kwana uku ina kallon Turawan Amurka suna kwarara wani ruwa mai kama da zuma a kan tsohuwar kantar kicin ba. Kafin ka ce kwabo sai ka ga kanta tana ƙyalli kamar madubi. Efoksi ake kiran abin. Na zauna na yi lissafi: YouTube na biyan kuɗin talla idan ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, ni kuwa ban taɓa cin karo da mai koyar da wannan aiki da Hausa ba. Ga kantar gidanmu ta siminti, tayil ɗinta duk ya ɓamɓare. Nan take na fara jin ƙamshin dala.

Da na gaya wa maiɗakina sai ta ce, "Baban yara, kai da ko ƙusa za a buga sai ka kira kafinta?" Na ce ta zuba ido kawai.

Samfefa da fenti na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa, efoksin kuma aka aiko mini daga Legas: jarka biyu, ɗaya ruwan, ɗaya mai daskarar da shi. A jikinsu an rubuta a auna daidai wa daida, a juya minti uku, sannan a gama aiki cikin kamar rabin awa. Ƙanina ya riƙe waya. Muka cire tayil, muka cike ramuka, na goge da samfefa mai lamba 80, na bi da 120, na ƙare da 220, na shafa baƙin fenti. Har nan, wallahi, da ka gan ni sai ka ce gadon aikin na yi.

Ranar zubi na haɗa jarka biyun gaba ɗaya a bokiti guda, na juya da muciyar tuwo don ita ce kusa. Sai a lokacin na tuna ban ɗauki gaisuwar buɗe shiri ba. Na gyara tsayuwa. "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da..." Mai ruwa ya buga ƙofa. Muka sake. Zakaran maƙwabta ya yi cara. Muka sake. Ƙanina ya ce, "Yaya, hularka ta karkace." A karo na biyar na manta sunan da na raɗa wa tashar tawa.

Abin da Turawan nan ke yankewa daga bidiyonsu ke nan: efoksi ba ya jiran gaisuwa. Da zarar ka haɗa shi zafi yake haifarwa da kansa, in kuma ka bar shi a tare cikin bokiti, zafin nan ne ke ƙara masa saurin kamawa. Ina cikin bayanin muhimmancin haƙuri a sana'a sai ƙanina ya ce a hankali, "Yaya, bokitin fa hayaƙi yake." Na kalli kyamara, na haɗiye yawu, na ce, "Wannan, jama'a, alamar mai kyau ce."

Na sunkuci bokiti na juye. Abin da ya shiga kamar zuma ya fito kamar kunun da ya kwana. Ashe kuma maginin gidan ya ɗan karkatar da kantar don ruwa ya riƙa gangarawa, ni ban ɗora lebur na duba ba. Rabin dukiyata ta bi gangara ta sauka a kan silifas ɗina. Kumfa ta taso ko'ina. Turawa da wata na'ura mai hura zafi suke fasa ta, ni na aro dirayar gashin maiɗakina, ina kunnawa aka ɗauke wuta. Wari ya cika kicin, na wangale taga. A Kano. Cikin hunturu. Ƙura ta shigo ta yi sallama ta zauna.

Da asuba na leƙa da tocila. Muciyar da na ajiye a gefe ta zama ɗaya da kantar, ko da guduma ba ta motsi. A tsakiya kuwa, daidai wurin da aikin ya fi kyau, ga wani ƙosasshen kyankyaso ya nutse, ƙafafu a miƙe, gashin baki a tsaye, an lulluɓe shi tsaf kamar kayan gidan tarihi.

Kwana uku maiɗakina tana girki da gawayi a tsakar gida, ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sabuwar muciya dai ni na saya. Bidiyon ya samu kallo 31, kuma na san inda 19 suka fito.

Ranar Juma'a surukata ta zo. Ta shiga kicin ɗebo ruwa, sai muka ji salati, sannan tas! tas! tas! Na ruga na same ta da takalmi a hannu tana haki.

"Hajiya, ai ya mutu," na ce.

Ta ƙara masa ɗaya. "To me yake kallona?"