Ƙannena, Kada Ku Auna Masoyi da Mai Shan Jini

Ƙannena, musamman ku 'yan mata da ke raba dare a kan littattafan soyayyar nan na 'yar makaranta da saurayin da ba mutum ba, ku ba ni aron hankalinku. Ban zo hana ku karatu ba. Ni ma na san daɗinsu, kuma duk matashin da zai zauna ya karance littafi mai kauri don marmari kawai ya samu alherin da sa'o'insa da yawa suka rasa. Abin da ke damuna shi ne darasin da ke shiga zuciya a ɓoye, mai karatu bai ankara ba.

Kun san yadda ake gina labarin. Yarinya ce da ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba, sai ga wani kyakkyawa mai shiru-shiru, ashe mai shan jini ne, ko mai rikiɗa ya koma kyarkeci, ko wata halitta daga wata duniya. Yana iya hallaka ta cikin ƙiftawar ido, amma duk duniya ita ya zaɓa. Wa zai ƙi a so shi haka? Nan daɗin yake, nan kuma tarkon yake.

Bari mu ɗauki wanda ya fi shahara, Twilight na Stephenie Meyer 'yar Amurka, da ya fito a 2005, aka cika littafi na huɗu a 2008, aka kuma sayar da kwafi sama da miliyan 100. Yarinyar labarin, Bella, shekararta 17. Saurayinta Edward, mai shan jini, an haife shi a 1901, ya daina tsufa a 1918, wato ya haura shekara 100 yana zaune a aji ɗaya da ita. Yana shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci, ba da saninta ba, kuma da ta gano sai abin ya zame mata abin alfahari. A littafi na uku ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob. Hujjarsa ita ce yana kare ta.

To ku cire sihirin, ku bar halin. Wani babba ya haura ɗakinki yana kallonki kina barci, yana bin sawunki, shi ke yanke miki wanda za ki gani da wanda ba za ki gani ba. Da ƙawarki ce ta ba ki wannan labarin a kan saurayinta, wallahi da kin ce mata ta gudu. A littafi an ba shi uzuri, domin maƙiyan da ke farautar yarinyar na gaske ne a cikin labarin, marubuciya ce ta ƙirƙire su don tsaronsa ya zama dole. Saurayin da ke binciken wayarki yana raba ki da ƙawaye ba shi da wasu maƙiya da yake kare ki daga gare su. Mallake ki yake son yi, kuma zai kira abin da suna so.

Wurin da ya fi taɓa ni yana littafi na biyu. Da Edward ya tafi ya bar Bella, sai aka jera shafuka babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. A matsayin dabarar rubutu abin ya yi kyau matuƙa, na yarda. Amma ku dubi abin da yake faɗa: rayuwar yarinya ta tsaya cak saboda namiji ya tafi. Daga baya har ta riƙa jefa kanta cikin haɗari, ta yi tsalle daga kan dutse zuwa teku, don ta ji muryarsa a kunnenta. Rabuwa tana da ciwo, babu mai musu. Sai dai wanda ya daina ci, ya daina magana, ya fara wasa da ransa, taimako yake buƙata cikin gaggawa, ba yabo ba.

Ku ma samari ban bar ku ba. Kada ku koyi cewa ɗaure fuska da zafin kishi da tsoratarwa su ne mazantaka. In za ku ɗauki wani abu daga Edward, ku ɗauki kamun kansa, domin shi ne ya dage sai an ɗaura aure.

Sai batun lokaci. Ba banza ake rubuta su jeri-jeri ba. Kowane babi yana ƙarewa da rai a rataye, ana kuma ajiye masoya biyu don masu karatu su rabu gida biyu suna gardama har littafi na gaba ya fito. Tsohuwar dabara ce. Jerin littattafan The Vampire Diaries da ya fara fitowa a 1991 ma yarinya ce tsakanin wa da ƙani. Sana'a ce, ba laifi ba ne, amma ku san da ku ake yi. Masana barci sun ce matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma "bari in ƙara babi ɗaya" ita ke cinye su. Ku yanke inda za ku tsaya tun kafin ku buɗe littafin, in ya yiwu a tsakiyar babi inda ƙura ta lafa.

Ku riƙa karantawa tare da ƙawa ko aboki, kuna tambayar juna: da mutum ne ya yi wannan, za mu yarda? Idan kuma akwai wanda yake yi miki irin waɗannan abubuwa yanzu, yana bibiyarki, yana hana ki mutane, yana tsorata ki sannan ya ce ƙauna ce, kada ki ɓoye. Ki gaya wa mahaifiyarki, ko yayarki, ko wani babba da kika amince da shi, tun yau.